Waɗanda Muka Tono a Kufan Malamai

Waɗanda suka sa aka tono mutanen nan ba su mayar da su ba. Ƙorafina ke nan, kuma ba zan shafa masa zuma don wani ya ji daɗin haɗiya ba. An ɗauke bayin Allah daga inda 'yan'uwansu suka kwantar da su, an yi alkawari a gaban gari cewa za a dawo da su, sannan kowa ya kama gabansa. Ku 'yan makarantar da kuke zuwa gidana da rikoda kuna cewa Inna Tabawa a ba mu labarin aikin tonon kayan tarihi, na lura da ku sarai, tonowar kawai kuke son ji. Wata 'yar jami'a har cewa ta yi ai aikin ba shi da wuya, shara ce da buroshi a zaune cikin inuwa. Ban tanka mata ba, don baƙuwa ce, kuma na riga na ba ta ruwa. Amma tunda Allah ya sa na iya riƙe alƙalami, ko da yake sai da 'ya'yana suka tasa na shiga ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta amsar, ita da ire-irenta su karanta.

Aikina na farko tankaɗe ne, a gindin duwatsun Birnin Kudu, wajen da mutanen dauri suka zana shanu a jikin dutse. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, lokacin ƙasarmu tana ƙarƙashin Kano. Ina zawarci a gidan yayar mahaifiyata, Inna Yalwa, maginiyar tukwane 'yar asalin Farin Dutse da aure ya kawo ƙauyenmu kusa da Surko. Turawan da suke tonon sun fara da ɗaukar maza su yi musu tankaɗe, sai suka ga mazan suna girgiza rariya kamar masu tace yashin gini, abin da ya wuce ya wuce, abin da ya rage a watsar. Wani ya ba su shawara su nemi mata, waɗanda suka saba da tankaɗen gari da bakace. Aka nemi Inna Yalwa, ita kuma ta ja ni.

Ba ta bar ni na taɓa rariya ba sai da ranin ya kusa fita. Faifai ta ba ni. Ta zuba mini abin da ya rage a rariyarta, ta ce in ware tsakuwa gefe, tsingaron tukunya gefe, ƙashi gefe. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai ta juye faifan gaba ɗaya ta ce a sake. Ita ta koya mini gwaji da harshe: ki ɗora abu a kan harshenki, in dutse ne zai zame, in tsingaro ne ko tsohon ƙashi zai kama. Ita ta nuna mini launin ƙasa, baƙa mai toka inda aka yi murhu, ja mai tauri inda bango ya narke, da wata mai laushi da cokali yake shiga ba gardama. Wannan ta ƙarshen ita ce wurin da wani ya taɓa haƙa rami ya cike. Ko shekara nawa aka yi, ƙasar da aka taɓa tonawa tana nan daban da maƙwabciyarta, kuma da haka ake gane kabari tun kafin a ga ƙashi.

Kayan aikin ba su da yawa. Igiya da turaku, a ja su a raba fili kamar fangali. Diga da shebur na maza, su ma don ƙasar sama kaɗai. Kwanon sarki na kwasa. Daga nan sai namu: cokalin magina, buroshi, da tsinken gora da muke fiƙewa da kanmu, don ƙarfe yana yi wa ƙashi rauni. Cokalina yana nan har yau, ya cinye ya koma kamar ganyen mangwaro. Zama kuwa babu shi. Ba a taka cikin rami in an fara ganin abu, sai a gitta katako a baki, ki kwanta rub da ciki a kansa, kanki a ƙasa, jini ya taru miki a ido, ƙuda na binki ba hannun kora. Inuwar da yarinyar nan ta gani a hoto ba tamu ba ce. Zanar da ake kafawa ta ƙashi ce, don in rana ta buge shi bayan ya daɗe a sanyin ƙasa tsagewa yake yi kamar ɗanyar tukunya. Rana ta juya a juya zanar ta bi ƙashin, mu kuwa muna nan inda muke.

Masu sa mu aiki iri-iri ne. Akwai Baturen da yake zuwa rani ɗaya, ya ɗauki hotuna, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa. Akwai ma'aikatan gidan tarihi 'yan ƙasa, masu son a yi sauri don mota na jira. Akwai dillalan da suke raɓowa da yamma suna tambaya ko mun ga duwatsun wuya, waɗannan Inna Yalwa da muciya take raka su. Mutanen gari kuwa sun daɗe suna cewa zinariya ake nema, tsingaron rufa-ido ne. Na yi shekaru a wannan aiki daga Birnin Kudu har ƙasar Gwaram, zinariyar da na gani ita ce ta haƙorin wani direba.

Wadda na fi daɗewa da ita wata Baturiya ce, doguwa, busasshiya, da muka sa wa suna Tsugunau, don ba wanda ya taɓa ganin ta a kan kujera. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, sauran kuma helumanmu, wato shugaban leburori, Malam Sule, yake fassarawa. Wata rana muna cin ɗanwake a gindin tsamiya ta ba mu labarin aikin da ta koyi sana'a a kansa a ƙasarsu. Tsohon coci ne na dutse, rufinsa ya faɗi tun zamanin kakannin kakanni, a cikin wani gida da maza masu ibada suke zama, waɗanda suka haƙura da aure da dukiya, suna noma, suna karatu, suna addu'a har su mutu. A nan ƙarƙashin daɓen cocin ake binne su, manyansu kusa da inda limaminsu yake tsayawa, sauran a jikin bango daga waje. Ta ce a rigingine ake kwantar da su, ƙafa a gabas, don ranar tashi su miƙe suna fuskantar fitowar rana. Inna Yalwa ta ce ashe su ma sun san gabas, aka yi dariya. Ta ce gwiwoyinsu duk sun yi kanta a ƙashi saboda durƙuso.

Ni na tambaya ko an mayar da su bayan an gama. Malam Sule ya harare ni, amma ya fassara. Ta ce suna cikin akwatuna a wani ɗaki, ana jiran a gama bincike. Na ce tun yaushe. Ta ce tun tana budurwa. A lokacin kanta ya fara fari.

Saboda wannan cocin ne ta kwaɗaitu da Kufan Malamai. Wani tudu ne a bayan gonakin ƙauyenmu, da kukoki a kansa, ba a noma shi. Abin da muka tashi muka ji shi ne wasu malamai ne suka ƙaurace wa gari suka zauna a can da masallacinsu, suna halwa, suna karantarwa, har wurin ya mutu. Tsugunau ta ce irin mutanen cocinta ne, tana so ta ga yadda namu suka zauna.

An yi taro a ƙofar mai gari kafin a sa diga. Mu mata muna daga bayan danga muna ji. Limamin ƙauyenmu, Malam Haladu, mutum mai sanyin hali da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya yanke sharaɗi. Ya ce duk wanda aka samu kwance a kan hannun dama yana fuskantar alƙibla Musulmi ne, a rufe shi nan take, ba a ɗaga ko yatsansa. Wanda aka samu ba haka ba, a iya ɗaukarsa a duba, amma a dawo da shi ramin da aka same shi. Tsugunau ta yarda, ta ɗora hannu a ƙirji. Sai wani ya tambaya da me za a gwada alƙiblar. A nan Alhaji Ɗanjuma ya miƙe. Shi ne mai motocin haya da ke bin Kano da Gwaram, kuma bai daɗe da dawowa daga hajji da kamfas ba, wani ɗan agogo mai allura. Da shi ya gyara sahun masallacin ƙauyenmu, aka karkata tabarmi wajen arewa kaɗan, mutane suna alfahari da cewa yanzu sallarsu tana zuwa daidai. Kowa ya ce ai magana ta ƙare, ga kamfas.

Kabarin farko ni da Inna Yalwa muka buɗe shi, a ranin farko, a jikin abin da muke zaton bango ne. Tun daga ranar ta hana gwaji da harshe. Namiji ne dattijo, haƙoransa sun cinye, yana kwance a kan dama, kai kudu, hannuwa a miƙe, ba tukunya ba dutsen wuya ba komai. Ƙaurinsa na hagu ya taɓa karyewa ya ɗore a karkace, shi ya sa muke ce masa Gurgu. Aka kira liman da Alhaji. Alhaji ya tsuguna ya ɗora kamfas a bakin ramin, ya jira allurar ta tsaya, ya miƙa hannu ya nuna alƙibla. Fuskar Gurgu ba can take kallo ba. Ta karkata wajen kudu sosai, ko yaro zai gani.

Malam Haladu ya ce kwanciyar dai ta Musulmi ce. Alhaji ya ce Allah gafarta Malam, kamfas ɗin nan daga Makka ya zo, ba ya ƙarya, kuma wane malami ne zai kasa sanin alƙiblarsa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce ashe Kufan Malamai suna ne kawai, Maguzawa ne muke ta tsoro. Aka kwashe da dariya. Tsugunau ta nuna musu gwiwar mamacin da yatsun ƙafarsa, ta ce akwai alamar yawan durƙuso, amma ta faɗi gaskiya cewa wannan ba hujja ba ce, mai niƙa ma tana yin irinta. Inna Yalwa ta ce daga kan katako ita dai ba ta taɓa ganin namiji a kan dutsen niƙa ba. Aka sake yin dariya, aka ce tsohuwa da baki. Liman ya ce to, sharaɗi sharaɗi ne. Aka ɗauki Gurgu.

Ɗaukar mutum ba shara ba ce, 'yar nan. Ana farawa daga ƙafa a ƙare da kai. Yatsun hannun dama a ƙwarya ɗaya, na hagu a wata, kada su haɗu. Haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kina tallafe da shi da tafin hannu don yana iya rabewa a iska. Ba a wanke tsohon ƙashi da ruwa, dagargajewa yake yi kamar dambu, sai dai a bar shi ya sha iska a inuwa a goge da buroshi mai laushi. Ƙasar da ke ƙarƙashin hannuwa da kai sai an tankaɗe ta da rariya mai ƙananan ido, don haƙori da ƙananan gaɓoɓi. Ƙoƙon kai ba a ɗaga shi ta ramin ido, hannu biyu ake sa masa kamar jariri. Sannan a naɗe komai a takarda, a jera a kwali, Malam Sule ya rubuta lamba a jiki. Mutum ɗaya yakan ci mana kwanaki.

Haka muka bi layin nan duka, rani biyu. Kowanne aka buɗe irin kwanciyar Gurgu, kowanne aka ɗora wa kamfas fuskarsa ta karkata kudu. Daga baya Alhaji ya daina zuwa, ya ce a ci gaba, duk ɗaya ne. A can ƙasa da su kuma muka tarar da wasu da ba shakka a kansu, a dunƙule, gwiwa a ƙirji, da 'yan tukwane a gefen kai, mutanen da suka riga Musulunci zuwa wurin. Su ma muka ɗauke su yadda muka ɗauki na sama, a hankali, don su ma wata ce ta haife su. Kwalayen duka aka loda a mota aka kai wani sito a Birnin Kudu, wai wani masanin ƙashi zai zo ya auna.

A rani na uku aka kai bangon gabas. Maza suka kwashe jar ƙasar da ta narke, muka bi da cokali, sai ga gindin bango ya fito, ga ɗan lungun nan da liman yake tsayawa a gaban masallaci, daɓensa ya yi sulɓi a wuri biyu, inda ƙafa take da inda goshi yake sauka. Malam Sule ya kafa turke a tsakiyar lungun ya ja igiya. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Lungun wajen kudu ya karkata, daidai inda fuskar Gurgu da 'yan'uwansa take kallo. Su da rana da taurari suka gwada alƙiblarsu, suka gina masallacinsu a kai, suka binne matattunsu a kai. Malaman ne muka kwashe, tun daga na farko har na ƙarshe.

Aka aika aka kira Malam Haladu. Ya cire takalmi, ya sauka ramin, ya tsaya a cikin lungun inda daɓen ya yi sulɓi, ya fuskanci inda suke fuskanta. Ba wanda ya yi motsi. Da ya fito sai ya ce, "Ni ne na ce a ɗauke su." Ranar na'ibinsa ne ya ja sallar la'asar.

Tsugunau ta cire malafarta a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ga damina ta zo, mai aunawa bai zo ba, amma da zarar an yi kaka za ta dawo, ko an auna ko ba a auna ba, kowa a kai shi raminsa da lambarsa. Muka rufe ramukan da zana da ƙasa kaɗan don kada ruwa ya cinye su. Ta tafi ƙasarsu kamar yadda take yi kowace damina. Na yarda har yau da gaske take. Amma ba ta dawo ba. Muka ji wai ciwo ya kwantar da ita, daga baya muka daina jin komai. Malam Sule kuma aka ɗaga shi zuwa wani wuri mai nisa, ya bar makullin sito a hannun mai gadi.

Ruwan da muka rufe ramuka dominsa bai zo ba. Wannan ita ce shekarar fari, ku tambayi iyayenku. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Gero ya tsaya iya gwiwa ya fitar da kai ba ƙwaya. Rijiyoyi suka ja, guga sai ya dawo da laka. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya. Aka fita roƙon ruwa har aka gaji. Sai magana ta fara yawo cewa ba a banza ba, an tone waliyyai an zuba su a kwali, ta yaya sama za ta yi ruwa. Waɗanda suka yi dariya a bakin ramin Gurgu su suka fi kowa faɗa. Mazan da suka yi diga da shebur tuni suka gudu, wasu Kano, wasu aikin kwalta, don kuɗin man fetur ya fara shigowa, ana neman lebura ko'ina. Alhaji Ɗanjuma ya koma birni da zama. Aka bar mu ni da Inna Yalwa, mata biyu masu tonon kabari. In na je rijiya a ɗauke tulu daga kusa da nawa. Tukwanen Inna suka daina fita a kasuwa, aka ce da ƙasar kushewa take gini.

A ƙarshen wannan shekara Inna Yalwa ta kwanta. Ba ta cin komai sai ruwan kunu. Kullum in na shiga sai ta tambaya ko Baturiya ta dawo, in ce tukuna. Ana gobe za ta rasu ta kama hannuna ta ce, "Ke Tabawa, ki ce musu su zurfafa nawa. Kuma kada su kira mai kamfas." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Mu uku muka yi mata wanka, biyun ma sai da na je na tsaya a ƙofarsu.

Bayan ta ne na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mutane sun ɗauka wasiƙa nake so in iya. Lambar jikin kwalayen nake so in karanta, don in an tashi mayarwa a sami wanda zai ce wannan na wannan rami ne. Na yi ta bi a ƙasa da tsinke ina koyon ɗaya, biyu, uku, yara suna leƙe suna dariya. Duk sanda na shiga Birnin Kudu sai na bi ta siton na gai da mai gadi, Baba Audu, tsohon soja mai ido ɗaya. Ba ya buɗe mini, ya ce ba a ba shi izini ba. Na je ofis ya fi a ƙirga, kullum wanda ya san maganar ba ya nan.

Shekaru suka ɗan ja, ruwa ya dawo, mutane suka manta da waliyyai. Gine-gine suka tashi ko'ina. Wata ranar kasuwa Baba Audu ya tare ni da kansa. Ya ce an ce ya kwashe tarkacen Turawa daga sito kafin kasuwa mai zuwa, siminti za a zuba, kuma an nuna masa kududdufin bayan gari. Ya ce shi ya ga gawa a yaƙi har ta ishe shi, ba zai zuba mutane a kududdufi ba, amma in bai kwashe ba wani zai kwashe. Ya ciro makulli ya buɗe.

Gara ta riga ni. Kwalayen ƙasa ta cinye su tas, na sama suka rufto a kai, ta bi su ma. Takarda ba ko ƙyalle. Lambar da na koyi karantawa ba ta nan ko ɗaya. Ƙasusuwa sun zube sun zama tsibi guda a cikin shuri, malamai da masu tukwane, hannun dama da na hagu, abin da muka yi rani biyu muna warewa da tsinke. Na durƙusa na fara tonawa da yatsa. Na gane mutum ɗaya kaɗai, shi ma da ƙaurin nan da ya ɗore a karkace. Sauran jikinsa ban san inda yake ba.

Daga nan gidan Malam Haladu na wuce, da ƙurar siton a jikina. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya fara rufewa. Na durƙusa a bakin zaure na faɗa masa duk abin da na gani. Ya ce haɗuwar ba ita ce matsala ba, littafi ya yi maganar irin wannan, in Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suka gauraye a binne su duka, Allah ya san nasa. Matsalar mutane ce. Ya riga ya nemi masu mayar da su tun shekarar fari, ya sake nema, ba namijin da zai taɓa su, ba kuma wanda zai yarda a kai su makabartar gari. Shi kuma ga yadda ya koma, ko buta sai an ɗaukar masa. Na ce ba makabartar gari nake nufi ba, gidansu nake nufi, kufai, kuma ni zan kai su.

Ya ce, "Tabawa, mace ba ta binne gawa. Kin sani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, rani biyu ina kwance a kan katako ina fito da su, kana tsaye a kaina. Ban ji ka ce mace ba ta tono ba."

Ya sunkuyar da kai. Na jira ya kore ni ko ya ja mini aya, bai yi ko ɗaya ba. Carbinsa kawai yake ja. Na yi sallama na miƙe. Na kai bakin ƙofa ya kira sunana, ya ce in ɗan tsaya. Ya sa aka ɗauko masa wani ƙunshi daga ɗaki, farin alawayyo ne sabo, wanda kowa ya san ya ajiye don likkafaninsa. Ya tura mini shi da sanda.

Ya ce, "Ni ban aike ki ba. Amma duk wanda zai kwantar da su, kada ya gwada da masallacinmu. Ya bi nasu."

Washegari da sassafe na ari jakin maƙwabcina ban gaya masa abin da zan ɗauko ba. Na ɗora mangala, na sa alawayyon a ciki, da fartanya, da cokalina, da turke, da igiya mai tsawon da zai kai daga lungun liman zuwa bakin rami. Na kama hanyar Birnin Kudu, inda Baba Audu ya ce zai jira ni a ƙofar sito da makulli.